DARASIN WATA: Yadda Ake Auna Nisa Daga Filin Jirgin Kano Zuwa Na Jidda

Duk shekara idan lokacin aikin Hajji ya matso, mutanen karkara kan cika birnin Kano. Wasu maniyyata ne, wasu 'yan rakiya. Daga Dala da Fagge da Kurna ana jin rugugin jirage, ana ɗaga kai ana kallon su har su ɓace. A nan ne tambayoyi kan taso. Shin nisan Jidda daga Kano ya kai nawa? Wa ya auna shi, da me kuma ya auna, tunda babu hanyar mota a sama? Me ya sa wani alhaji zai ce awa biyar ya yi a jirgi, wani kuma ya rantse awa bakwai ya yi?

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Darasin wannan wata zai amsa waɗannan tambayoyi. Duk wanda ya iya tarawa da ninkawa da rabawa zai iya bin sa. Kayan aikin ma ba su da tsada: zare, rula, fensir da takarda.

FILAYEN JIRGIN GUDA BIYU

Kafin a auna nisa, sai an san inda za a fara da inda za a tsaya.

Wuri na farko shi ne Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano. Yana arewa da tsohon birni, a bayan ganuwa. Shi ne filin jirgi mafi daɗewa a Nijeriya. Jiragen farko da suka sauka a Kano sun zo ne a watan Nuwamba na 1925. Guda uku ne, na sojojin Ingila, kuma daga Masar suka taso. Sun yi kwanaki a hanya, suna sauka suna shan mai. A 1936 aka fara jigilar wasiƙu da fasinja ta sama tsakanin Kano da Kartum ta ƙasar Sudan. Daga baya aka sa wa filin sunan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983.

Wuri na biyu shi ne Filin Jirgin Sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, a ƙasar Saudiyya. An buɗe shi a 1981. Yana da ɓangare na musamman domin alhazai, mai farin rufi kamar tantuna. Jidda tana bakin Bahar Maliya, kuma ita ce babbar ƙofar shiga Makka.

Kowane babban filin jirgi a duniya yana da alamarsa ta haruffa uku. Ta Kano ita ce KAN. Ta Jidda JED. Ta Madina MED. Ana rubuta su a jikin tikiti da takardar da ake liƙa wa jaka. Wanda ya yi yaƙi da jahilci zai iya duba jakarsa da kansa, ya tabbatar inda za shi nan aka rubuta.

MA'AUNAN DA, DA NA YANZU

Awo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Masaƙa da 'yan koli na Kasuwar Kurmi sun san kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Masu haƙa rijiya sun san gaba, wato tsawon hannu biyu a buɗe. Manomi kan auna gonarsa da taki. Fatake kuwa da zango suke lissafi, wato tafiyar yini guda.

Waɗannan ma'aunai suna da amfani, amma suna da aibi ɗaya. Kamun dogo ya fi na gajere. Zangon mai raƙumi ba ɗaya yake da na mai jaki ba. Saboda haka ƙasashen duniya suka yarda da ma'auni guda wanda ba ya canzawa.

Mita 1 ta ɗara yadi kaɗan.
Santimita 100 su ne mita 1.
Mita 1,000 su ne kilomita 1.
Mil 1 ya kai kilomita 1 da rabi da 'yan kai, wato 1.6.

Babban mutum yakan yi taki wajen 1,300 kafin ya cika kilomita ɗaya. Daga Kano zuwa Wudil kuwa wajen kilomita 40 ne. A riƙe wannan a ka, domin za a yi amfani da shi nan gaba.

NISA IRI BIYU NE

Wanda ya taso daga Ƙofar Mata zai tafi Kasuwar Kurmi, dole ya bi titi da lunguna. Zai karya nan, ya kewaye gida can, ya kauce wa kududdufi. Tantabara kuwa ba ruwanta da lungu. Tana tashi sai ta miƙe sak. Su biyun wuri ɗaya za su, amma tafiyar mai ƙafa ta fi tsawo.

Haka abin yake tsakanin ƙasa da ƙasa. Akwai nisan hanya, akwai kuma nisan kai tsaye, irin na tsuntsu. Idan aka ce nisan filin jirgi kaza zuwa filin jirgi kaza, nisan tsuntsu ake nufi.

Nisan kai tsaye daga filin jirgin Kano zuwa na Jidda wajen kilomita 3,400 ne. Idan aka raba 3,400 da 40, za a sami 85. Ke nan kamar mutum ya yi tafiyar Kano zuwa Wudil har sau 85 ne. Ga hanyoyi uku da mai karatu zai bi ya tabbatar da wannan adadi da kansa.

HANYA TA FARKO: TASWIRA DA RULA

Taswira hoton ƙasa ne da aka ƙanƙanta domin ya shiga takarda. Kowace taswirar kirki tana da ma'auni a gefenta ko a ƙasanta. Shi ne ke faɗin yawan ƙanƙantawar da aka yi. Wani lokaci ana zana shi kamar ɗan tsani a kwance. Wani lokaci a rubuta cewa santimita 1 tana madadin kilomita kaza.

Ga yadda ake yi:

1. A samo taswirar Afirka wadda Saudiyya ta fito a cikinta. Ana samun ta a makarantun firamare da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma.
2. A nemo Kano, a ɗiga mata fensir. A nemo Jidda, ita ma a ɗiga mata.
3. A ɗora rula tsakanin ɗigon biyu, a karanta santimita nawa ne.
4. A duba ma'aunin taswirar, sannan a ninka.

Misali, a ce ma'aunin ya nuna santimita 1 tana madadin kilomita 200. Rula kuma ta nuna santimita 17. Lissafin shi ne:

17 x 200 = 3,400

Abin lura a nan: taswira ba ɗaya take da taswira ba. A wata santimita 1 kilomita 100 ce, a wata 400. Wanda ya ari ma'aunin wata taswira ya yi aiki da shi a kan wata, lissafinsa ya lalace tun daga tushe.

HANYA TA BIYU: ZARE DA ƘWALLON DUNIYA

Taswira tana da matsala ɗaya. Duniya a dunƙule take kamar lemo, takarda kuwa a shimfiɗe take. Wanda ya taɓa ƙoƙarin baje ɓawon lemo a kan faranti ya san sai ya yage ko ya miƙe. Haka masu zana taswira suke yi wa ƙasashe, sai sun ja wasu wurare sun matse wasu. Saboda haka rula ba ta ba da amsa daidai wa daida, musamman idan tafiyar ta yi nisa ƙwarai.

Abin da ya fi taswira gaskiya shi ne ƙwallon duniya, wato dunƙulalliyar taswirar nan mai juyawa da ake ajiyewa a ofishin hedimasta.

Kafin a je gare shi, a gwada wannan a gida. A kife ƙwarya. A yi ɗigo biyu da gawayi a bayanta, nesa da juna. A ɗora zare daga ɗigo zuwa ɗigo, a ja shi ya yi tsam. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta a bayan ƙwaryar. Irin wannan hanya matuƙa jirgin sama suke nema.

A jikin ƙwallon duniya akwai wani layi da ya zagaye tsakiyarsa kamar ɗamara. Sunansa Ikwaita. Tsawonsa a zahiri wajen kilomita 40,000 ne. An kasa shi kashi 360, kowane kashi ana kiran sa digiri. Idan aka raba 40,000 da 360, kowane digiri zai tashi wajen kilomita 111.

Yanzu sai awo:

1. A ɗora bakin zare a kan Kano, a ja shi tsam zuwa Jidda.
2. A danne wurin da yatsa, ko a yi ƙulli.
3. A ɗauke zaren, a shimfiɗa shi a kan layin Ikwaita.
4. A ƙirga digiri nawa ya rufe.

Za a tarar ya rufe kusan digiri 31. Sai a ninka:

31 x 111 = 3,441

Wannan amsa da ta farko 'yan uwan juna ne. Ɗan bambancin da ke tsakaninsu bai kai a damu ba, domin zare da yatsa ba sa kama awo daidai kamar na'ura.

Kafin a ɗauke zaren, yana da kyau a dubi wuraren da ya bi. Daga Kano ya ratsa ta Jigawa da Yobe. Ya yanki kusurwar Jamhuriyar Nijar ta wajen Difa. Ya bi ta arewacin Tafkin Chadi, ya ƙetare ƙasar Chadi da ƙasar Sudan, sannan ya haye Bahar Maliya ya faɗa Jidda. Zaren bai nufi gabas sak ba, ya ɗan karkata arewa. Makka ba ta da nisa da Jidda, don haka kusan nan ne alƙiblar mutanen Kano take.

Ma'aikatan jirage ba sa amfani da zare. Kowane wuri a duniya yana da lambobi biyu da ke nuna mazauninsa. Ta farko tana faɗin nisansa daga Ikwaita. Ta biyu tana faɗin nisansa daga wani layi da ya taso daga arewa zuwa kudu, ya bi ta Landan da ƙasar Gana. Kano tana kan digiri 12 arewa da digiri 8 da rabi gabas. Filin Jidda yana kusa da digiri 22 arewa da digiri 39 gabas. Waɗannan lambobi ake ba kwamfuta ta fitar da nisa. Wayar hannu mai intanet ma da su take aiki. Amma aikin da take yi shi ne dai aikin zaren nan.

HANYA TA UKU: GUDU DA LOKACI

Kowane direba ya san wannan. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa, idan ta yi awa 2, ta ci kilomita 160. Ana ninka gudu da lokaci a sami nisa. Ana kuma raba nisa da gudu a sami lokaci.

Babban jirgin fasinja yakan yi gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa idan ya daidaita a sama. A ɗauki 850:

3,400 ÷ 850 = awa 4

Sai dai jirgi ba ya fara wannan gudu tun daga ƙasa. Yana ɗaukar lokaci kafin ya hau, yana kuma rage gudu idan zai sauka. Wani lokaci filin ya cika, sai ya yi ta kewaye yana jiran izini. Hanyoyin sama ma an tsara su, ba a bin zare sak. Ga kuma iska, wadda kan tura jirgi ta baya ko ta tare shi ta gaba. Shi ya sa tafiyar kan kai awa huɗu da rabi zuwa biyar, kuma zuwa da dawowa ba lallai su zo daidai ba.

A kwatanta da sauran hanyoyin tafiya. Da a ce akwai titi miƙaƙƙe, mota mai gudun kilomita 80 za ta yi awa 42 da rabi ba tsayawa. Mai ƙafa da ke cin kilomita 25 kullum zai yi kwana 136, wato wata huɗu da rabi.

Alhazan da, waɗanda suka tafi a ƙasa, sun fi haka daɗewa nesa ba kusa ba. Sukan bi ta Maiduguri, su shiga Chadi ta inda Injamena take, su wuce Abeshe, su shiga Sudan ta Alfashir, su kai Kartum, sannan su gangara Sawakin a bakin teku su shiga jirgin ruwa. Guzuri kan ƙare a hanya. Sai a tsaya a yi noma ko ƙodago, a tara, a ƙara gaba. Wasu sun yi shekaru kafin su dawo. Wasu da yawa ba su dawo ba, suka zauna a Sudan, zuriyarsu na can har yau suna jin Hausa. Nisan bai ragu ba tun daga wancan zamani. Abin hawa ne ya canza.

ME YA SA AGOGO KE RUƊA MATAFIYA?

Agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da awa 2. Dalilin yana cikin lambobin da aka ambata a baya. Duniya tana juyawa sau ɗaya a awa 24. Idan aka raba digiri 360 da 24, za a ga tana cin digiri 15 a kowace awa. Jidda tana gabas da Kano da wajen digiri 30. A raba 30 da 15, a sami 2. Ke nan rana tana riga fitowa a Jidda da wajen awa biyu.

A jikin tikiti, lokacin tashi na garin da aka tashi ne, lokacin sauka kuma na garin da za a sauka. A nan mutane ke ruɗewa.

Misali, jirgi ya bar Kano ƙarfe 10 na dare, ya yi awa 5 a sama. A Kano ƙarfe 3 na dare ya yi. A Jidda kuwa ƙarfe 5 na asuba ne. Wanda ya dubi agogon bango a can zai zaci awa 7 ya yi.

A dawowa abin yakan juya. Jirgi ya bar Jidda ƙarfe 12 na rana, ya yi awa 5. Zai sauka Kano ƙarfe 3 na yamma. Mai kallon agogo zai ce awa 3 kacal aka yi.

Saboda haka maniyyaci ya ƙara wa agogonsa awa 2 da zarar ya sauka. Mutanen gida kuma su tuna, idan suka buga waya ƙarfe 10 na dare, a can sha biyun dare ta yi, alhaji ya gaji ya kwanta.

NISA DA KUƊIN KUJERA

Sanin nisa ba don nishaɗi kawai ba ne. Yana taɓa aljihu. Jirgi mai yake sha, kuma duk kilomitar da ta ƙaru, mai ya ƙaru. Ƙasashen da aka bi ta samansu ma ana biyan su kuɗi.

An ga haka a fili a 2023. A watan Afrilu na shekarar yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Wanda ya ja zare ya riga ya ga Sudan a tsakiyar hanya take. Dole jiragen alhazan Nijeriya na wannan shekara suka yi zagaye ta wasu ƙasashe. Tafiya ta ƙara tsawo, awoyi suka ƙaru, kamfanonin jirage suka nemi ƙarin kuɗi. Yaƙin da ake yi a wata ƙasa mai nisa ya shafi guzurin manomin da ya sayar da shanunsa ya biya kujera.

Mai ilimin awo ba zai tsaya a kan jita-jita ba. Idan aka yi bayani a wajen bita, ko a ofishin Hukumar Jin Daɗin Alhazai, zai gane abin da ake faɗa. Zai kuma iya tambaya: ta ina za a bi, awa nawa za a yi, a ina za a sauka? Tambayar ƙarshe tana da muhimmanci, domin wasu jirage Madina suke sauka kai tsaye. Daga Kano zuwa filin jirgin Madina wajen kilomita 3,560 ne, ya ɗara na Jidda kaɗan.

Saukar jirgi kuma ba ita ce ƙarshen tafiya ba. Daga filin jirgin Jidda zuwa Makka akwai kusan kilomita 100 a mota. Daga Makka zuwa Madina wajen kilomita 450 ne. Tsoho ko mai shan magani a kan lokaci ya kamata ya san wannan, ya ajiye maganinsa a ƙaramar jakar hannu, kada ya sa shi a babbar jaka.

SABBIN KALMOMI

Taswira: zanen ƙasa a takarda.
Ma'aunin taswira: abin da ke nuna yawan ƙanƙantawar da aka yi wa ƙasa.
Ikwaita: layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu.
Digiri: kashi ɗaya cikin 360 na zagaye.
Sararin samaniya: saman kowace ƙasa, inda jirage ke bi da izininta.

TAMBAYOYI

1. Mene ne sunan filin jirgin saman Kano? Waɗanne haruffa uku ne alamarsa?
2. Mita nawa ne a cikin kilomita 1?
3. A wata taswira santimita 1 tana madadin kilomita 400. Santimita nawa za a samu tsakanin Kano da Jidda?
4. Waɗanne ƙasashe ne zare ya ratsa daga Kano zuwa Jidda?
5. A ce zagaye ya mai da tafiyar kilomita 5,100. Awa nawa jirgi mai gudun kilomita 850 zai yi?
6. Idan ƙarfe 4 na yamma ne a Kano, ƙarfe nawa ne a Makka?
7. Maniyyaci ya taso daga Wudil zuwa Kano, ya hau jirgi zuwa Jidda, ya shiga mota zuwa Makka. Kilomita nawa ya yi gaba ɗaya?

AIKIN AJI

Malamin aji ya aro taswira ko ƙwallon duniya daga makarantar firamare mafi kusa. Ɗalibai su kasu gida uku. Kashi na farko su auna Kano zuwa Yamai, na biyu Kano zuwa Alƙahira, na uku Kano zuwa Landan. Kowane kashi ya rubuta amsarsa a allo, a kwatanta. Idan akwai alhaji ko hajiya a ajin, a roƙe su su faɗi ƙarfe nawa suka tashi da ƙarfe nawa suka sauka, sauran ɗalibai su fitar da awoyin da aka yi a sama.

Amsoshin tambayoyi za su fito a jaridar wata mai zuwa. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya kai maniyyata lafiya, ya dawo da su lafiya.